Akwatin da ke sarrafa famfon ban ruwa: ɓangarorinsa, bakunansa da lambobinsa

Duk wanda ya san noman bakin Komadugu, daga Maïné-Soroa zuwa Chétimari, Diffa, Gueskérou har Bosso, ya san tattasai ba ya jiran mai gyara. In ruwa ya yanke a lokacin da shuka ta ɗauki fure, kwanaki kaɗan sun isa furen ya zube, wahalar watanni ta tafi a banza. A da, abin da ke tsaida ban ruwa sananne ne: motopom ta ƙi tashi ko esansi ya ƙare, kuma kusan kowane ƙauye na da makanikinsa. Yau ana ƙara samun garake da foraj da panno ke ba su wuta, kuma tsakanin panno da famfo akwai wani akwati da aka kafe a bango ko a jikin ƙarfe. Wasu daga cikin akwatunan har da salula ake ba su umarni.

Wannan bayani mun shirya shi domin mai irin wannan akwati, da ƙungiyar manoman da ke shirin saye, da matasan da ke koyon aikin wuta. Abin da muke so a riƙe shi ne: akwatin da aka haɗa ɓangare-ɓangare, aka kuma rubuta lambar kowane ɓangare da kowane baki, ana iya gyara shi a nan gida. Wanda ba a san lambobinsa ba kuwa, sai a zauna jiran wanda ya haɗa shi. Domin kada a rikice, in mun ce "fil" muna nufin wayar wuta, in mun ce "salula" muna nufin wayar kira.

Me ya kawo akwatin cikin garka

Ruwan Komadugu daga Najeriya yake fitowa, daga kogunan Hadejia da Jama'are, ya bi iyakar ƙasashen biyu na kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Bosso. Kogi ne mai zuwa da tafiya, don haka noman tattasai da shinkafa da albasa a kwarin nan ya dogara ga ɗaga ruwa da inji, ko a filayen da ONAHA ke kula da su, ko a garaken ɗaiɗaikun mutane.

Bayan hare-haren da aka kai Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci a jahar. An hana zirga-zirgar babura, an taƙaita sayar da mai da takin zamani, an kuma dakatar da cinikin tattasai na wani lokaci. Manoma sun ga abin da dogaro ga esansi ke jawowa, sun kuma ga wuyar kaiwa da komowa zuwa bakin kogi. A irin wannan hali, famfon da ba ya shan mai, wanda ake iya kunnawa ba tare da an taka zuwa wurinsa ba, ya wuce a kira shi kayan yayi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Nijar. Wani ɗan ƙasar nan, Abdou Maman Kané, mai kamfanin Tech-Innov a Yamai, ya ƙirƙiro tsarin Télé-Irrigation, inda manomi ke kunna ban ruwa ya kashe ta salula. Aikin ya samo masa babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu a shekarar 2015, a taron ruwa na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu. Ban da nasa, akwai kayan kamfanoni iri-iri daga Turai da Sin, amma ƙa'idar aikinsu kusan ɗaya ce.

Abin da ke cikin akwatin

In aka buɗe akwatin da aka haɗa da kyau, za a ga dogon ƙarfe a kwance mai faɗin milimita 35, wanda ake kira layin DIN. A kansa ake maƙala ɓangarori a jere, kamar littattafai a kanta. Faɗin nan ɗaya ne a duk duniya, shi ya sa kayan kamfanoni dabam-dabam ke hawa kansa. Ɓangarorin da aka fi gani su ne:

1. Ɓangaren kariya: fizibil, disjonkter da mai kare tsawa. Aikinsu su mutu ko su yanke wuta kafin abu mai tsada ya ƙone.
2. Ɓangaren wuta: yana karɓar wutar panno ko ta batir ko ta NIGELEC, ya mayar da ita volt 12 ko 24 da sauran ɓangarori ke sha.
3. Ƙwaƙwalwa: a nan aka ajiye dokokin aiki, misali "in shato ya cika, a tsaida famfo".
4. Ɓangaren sadarwa: mai pis da eriya. Mu kira shi tafinta, domin yana karɓar saƙon salula ko na intanet ya juya shi zuwa yaren da injuna ke ji.
5. Bakunan shiga: inda ake ɗaura fil ɗin ma'aunai, kamar ma'aunin cikar shato da mai gane ruwan rijiya ya ja baya.
6. Bakunan fita: ƙananan makunnan da ake kira rele, masu kunna famfo ko buɗe makullin ruwa, wanda masu aiki ke kira van.
7. Mai sarrafa gudun famfo: yana daidaita gudun inji da ƙarfin rana. Sau da yawa shi a nasa akwatin yake.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake. In tsawa ta kashe tafinta, shi kaɗai za a cire a sa wani, famfo ya ci gaba da aiki da hannu kafin nan. In tafintan na tsohon rezo ne na 2G aka so komawa 4G, shi kaɗai za a canza. In garka ta ƙaru, sai a maƙala ƙarin ɓangaren rele. Ƙaramin ɓangare kuma direban mota na iya riƙo shi a leda daga Damagaram, mai nisan fiye da kilomita 400, ko daga Yamai, mai nisan fiye da kilomita 1,300.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Tsarin ɓangare-ɓangare ya fi tsada a ranar saye, kuma kowace mahaɗa wuri ne da ƙura ko sassautawar kusa ke iya kawo matsala. Mai ƙaramin famfo ɗaya, akwati guda rufaffe na iya isarsa, musamman in ya ajiye motopom ɗinsa don ko-ta-kwana. Ƙungiya mai famfo biyu ko uku, da shato, da van da yawa, ita ce ya kamata ta dage sai an haɗa mata ɓangare-ɓangare.

Inda abin ya samo asali

Wannan dabara daga masana'antun ƙera motoci na Amurka ta fito. A ƙarshen shekarun 1960, kamfanin General Motors ya nemi na'urar da za ta maye gurbin manyan allunan rele, waɗanda sai an kwance fil ɗinsu duk lokacin da aka canza aiki. Injiniya Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera Modicon 084. A 1979 kamfanin Modicon ya fito da yaren da waɗannan na'urori za su riƙa magana da juna, mai suna Modbus. A 2004 aka miƙa kula da shi ga wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma kowa na iya amfani da shi ba tare da ya biya ba. Shi ya sa har yau ake samunsa a masu sarrafa gudun famfo, da regilater na panno, da ma'aunan wuta da na ruwa na kamfanoni masu yawa.

Adireshi hawa uku

In za ka aika saƙo ga wani a Diffa Koura, sai ka faɗi gari, ka faɗi gida, sannan ka faɗi sunan wanda za a ba a cikin gidan. Haka umarnin "kunna van na uku" yake bin adireshi hawa uku kafin ruwa ya zuba.

Hawa na farko shi ne adireshin akwatin kansa. In da saƙon salula yake aiki, adireshinsa shi ne lambar pis ɗin da ke cikinsa, mai alƙaluma takwas kamar kowace lamba ta Nijar. Abu biyu ke yawan kashe shi: kuɗi su ƙare, ko a bar pis ya daɗe ba a sa masa komai ba har kamfani ya rufe layin. A bakin kogi kuma salula kan kamo rezon Najeriya, saboda haka a sa mai haɗawa ya tsaida tafinta a kan rezo ɗaya. In kuma da intanet yake aiki, yana da adireshin IP, wato lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.1.20. Na'urar sarrafawa ta fi son adireshin da aka kafe, wanda ba ya canzawa in wuta ta ɗauke ta dawo.

Hawa na biyu shi ne adireshin ɓangare a kan layi. A yawancin akwatuna, ɓangarori na magana ta fil biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira RS-485. Dukansu a kan layi ɗaya suke, kowa na jin abin da ake faɗi. To yaya ba sa rikicewa? Kamar malami ne yana kiran suna a aji: shi kaɗai ke kira, kuma wanda aka kira kaɗai ke amsawa. Ƙwaƙwalwa ko tafinta ne malamin, sauran su ne ɗalibai. A Modbus, kowane ɗalibi na da lamba daga 1 zuwa 247. Lambar 0 ta sanarwa ce ga kowa, kuma ba mai amsa ta.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. Kaya da yawa na fitowa daga kamfani da lamba 1. In aka sayo sabon ɓangare aka maƙala ba a canza lambarsa ba, alhali akwai mai lamba 1 a layin, to duk lokacin da aka kira 1 su biyu za su amsa tare, maganar ta cuɗe. Sai a ga wanda jiya ke aiki lafiya yau ya yi shiru, a ɗora wa sabon kaya laifi, alhali lamba ce kawai.

Ban da lamba, dole duka su yarda da gudun magana ɗaya. An fi amfani da 9600 ko 19200, amma akwai masu fitowa da wani gudun, kamar regilater ɗin EPEVER da ke zuwa da 115200. Akwai kuma wani harafi na tantance kuskure, N ko E ko O, shi ma dole ya zama iri ɗaya a duk layin.

Hawa na uku shi ne adireshin baki ko gurbi a cikin ɓangaren. Ɓangaren rele mai baki takwas, kowane baki da lambarsa. Ma'aunin wuta kuma yana ajiye volt a gurbi kaza, amfa a gurbi kaza. A kula da wani tarko: mutane daga 1 suke fara ƙirga, injuna kuwa daga 0. Gurbin da wasu takardu ke rubutawa 40001, a kan layi 0 ne sunansa. In aka ga an ce a buɗe van na uku sai na huɗu ko na biyu ya buɗe, a fara duba nan.

Ga misali. A ce wata ƙungiya na da wannan jeri: lamba 1, mai sarrafa famfon kogi, lamba 2, mai sarrafa famfon foraj, lamba 3, ɓangaren rele na van takwas, lamba 4, ma'aunin shato, lamba 5, regilater. Sakataren ƙungiya ya aika saƙo zuwa lambar pis. Tafinta ya duba ko lambar mai saƙon na cikin waɗanda aka yarda da su, sannan ya faɗa a kan layi: "lamba 3, kunna baki na biyar." Sauran huɗun suka ji suka yi shiru. Lamba 3 ya kunna, ya amsa, tafinta ya mayar wa sakatare da saƙon tabbaci. In ɗaya daga cikin hawan nan uku ya kuskure, ruwa ba zai zuba ba, ko ya zuba a gonar wani.

Yadda ake ba ɓangare lambarsa

Hanya uku ce. Ta farko, da ƙananan makunnai. A jikin ɓangarori da yawa akwai jerin ƴan makunnai huɗu ko takwas, waɗanda sai da tsinke ko bakin turnabis ake tura su. Kowane na da darajarsa: na farko 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, sai 16, 32, 64, 128. Lambar ɓangare ita ce jimlar waɗanda aka kunna, kamar yadda ake haɗa canji. Ana son 5? A kunna na farko da na uku, 1 da 4. Ana son 11? Na farko, na biyu da na huɗu, wato 1 da 2 da 8. Sai dai wasu kamfanoni na ware wasu makunnan don gudun magana, saboda haka a duba takardar kayan. Kuma yawancinsu ba sa gane sabuwar lamba sai an kashe an sake kunnawa. Batiran litiyom da ake jerawa da yawa su ma sukan zo da irin waɗannan makunnai, don a san na farko da na biye.

Ta biyu, da allon da ke jikin na'urar ko da kwamfuta. A nan ba abin da ido ke gani, don haka da zarar an sa lamba a rubuta ta a jikin ɓangaren da alƙalamin da ba ya gogewa. In da kwamfuta ake sawa, a haɗa sabon ɓangaren shi kaɗai, a ba shi lambarsa, sannan a kai shi layi.

Ta uku, wurin zama ne ke ba da lamba. Ƙaramar ƙwaƙwalwar Siemens mai suna LOGO! na da bakin shiga takwas, I1 zuwa I8, da na fita huɗu, Q1 zuwa Q4. In aka maƙala mata ƙarin ɓangare mai shiga huɗu da fita huɗu, nasa za su zama I9 zuwa I12 da Q5 zuwa Q8, na bayansa ya ɗora daga nan. Kun ga ke nan, a irin wannan tsari, wanda ya kwance ɓangarori don share ƙura ya mayar da su ba bisa jerinsu ba, ya canza wa bakuna suna bai sani ba.

Bakuna da mahaɗai: kama da wane ba ta wane

Fish ya shiga rami ba ya nufin nan ne gidansa. Misali mafi haɗari shi ne RJ45, fish mai haƙora takwas da aka sani a fil ɗin intanet. Regilater, anduler da batira da yawa na amfani da irin wannan ramin don RS-485 ko wani yaren dabam, kuma kowane kamfani da yadda yake raba haƙoran. Ƙa'idar Modbus ta ware haƙori na 4 da na 5 don magana, na 8 don fil ɗin ƙasa, amma ba kowa ke bin ta ba. Wasu na'urorin intanet kuwa na tura wuta, volt 24 ko 48, ta haƙora na 4, 5, 7 da 8 don ciyar da eriya. In aka soka irin wannan fil a regilater, ana iya ƙona bakinsa nan take. Doka a nan: kada a soka fil a ramin da ba a karanta abin da aka rubuta a kansa ba.

Fil biyu na RS-485 ana kiransu A da B, ko D+ da D-. Kamfanoni ba su daidaita a kan wanne ne A ba. In an tabbatar da lamba da gudu amma shiru, a gwada juya su. Juya waɗannan biyun ba ya ƙona kaya, magana kawai yake hanawa. Layin kuma daga ɓangare zuwa ɓangare ake jan sa, kamar carbi, ba a yi masa rassa. A ƙa'ida yana ɗaukar na'urori 32, yana kai kimanin mita 1,200 in gudun magana bai yi yawa ba, kuma a dogon layi ana sa rezistans mai om 120 a ƙarshensa biyu. Kada a tura shi tiyo ɗaya da fil ɗin famfo, domin hayaniyar wutar inji na ɓata magana.

Bakin rele na da wuri uku: COM, NO da NC. NO a buɗe yake sai an ba da umarni, NC kuma a haɗe yake sai an ba da umarni. In aka ɗaura famfo a NC bisa kuskure, zai tashi a lokacin da ya kamata ya tsaya. Ƙaramin rele kuma ba a ɗora masa nauyin babban famfo kai tsaye: shi zai ta da kontakter, kontakter ya ta da famfo.

Ma'aunai masu kyau na aiko da labari ta ƙaramar wuta, daga mili'amfa 4 zuwa 20. Huɗu na nufin babu, ashirin na nufin cike. Hikimar farawa daga 4 ita ce, in aka ga 0, an san fil ne ya tsinke ko ɓera ya ci, ba shato ne ya ƙafe ba.

Sai gargaɗi na rai. Panno da aka jera da yawa na iya ba da wutar ɗaruruwan volt muddin akwai rana, ko da famfo a kashe yake. Kada a zare mahaɗan panno, waɗanda ake kira MC4, alhali inji na aiki. A kashe famfo, a sauke makunnin da ke tsakanin panno da akwati, sannan a taɓa. Wanda bai koyi aikin ba, ya tsaya a karanta fitilu da lambobi, ya bar kwance fil ga mai sana'a.

Ƙura, zafi da ambaliya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A jikin akwati akan rubuta IP65 ko IP67. Wannan IP ɗin ba shi da alaƙa da adireshin intanet. Alƙalamin farko na ƙura ne, 6 na nufin ƙura ba ta shiga. Na biyu na ruwa ne, 5 na jure feshi, 7 na jure nitsewa na ɗan lokaci. Amma duk wannan ya tashi a banza in aka huda akwati aka zura fil ba a toshe ramin ba, don ƙurar hunturu da kiyashi da zanzaro ba sa neman izini.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Diffa na haura digiri 40 a inuwa, saboda haka a yi wa akwati rumfa, a bar masa iska. Zafin rana da sanyin dare na sassauta kusoshin bakuna, a sa mai sana'a ya ɗaure su kafin kowane dashe. Ambaliyar Komadugu ta 2019 kuma, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu ta cinye gonaki, ta bar alama a bango da itatuwa. A kafa akwati sama da wannan alama. Mai ɓangare-ɓangare na da wani amfani a nan: in ruwa na tahowa, ana iya cire masu tsada a kai su tudu, muddin an rubuta jerinsu.

In akwati ya yi shiru

Kafin a kira na nesa, a bi waɗannan matakai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

1. Akwai wuta? A duba fitilar ɓangaren wuta, da disjonkter, da fizibil.
2. Famfo na tashi da hannu? In yana tashi, matsalar ta saƙo ce, kuma ban ruwa bai tsaya ba.
3. Pis na raye? A duba kuɗi da rezo, a gwada shi a wata salula.
4. Duka ɓangarori ne suka yi shiru, ko ɗaya? In duka ne, a duba layin daga tushe. In daga wani wuri zuwa ƙarshe ne, a nan fil ya tsinke. In ɗaya ne, a duba wutarsa da lambarsa.
5. Me aka canza na ƙarshe? In an sa sabon kaya, a cire shi daga layi a gani. In komai ya dawo, lambarsa ko gudunsa ne.
6. A rubuta lambar kuskuren da allo ya nuna, a ɗauki hoto. Da wannan hoton da takardar adireshi, mai gyara na iya faɗin abin da za a yi ta salula, ko ya aiko da ɓangaren da ya dace.

Takardar adireshi, kafin a sa hannu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin waɗannan kayan ta hannun wani shiri na tallafi ko ɗan kwangila suke zuwa, kuma shiri na da ranar ƙarewa. Kafin ƙungiya ta sa hannu cewa ta karɓi aiki, ta nemi waɗannan:

- Takarda ɗaya mai nuna kowane ɓangare: sunansa, kamfaninsa, samfurinsa, lambarsa a layi, gudun magana, da abin da ke ɗaure a kowane baki.
- Lamba a jikin kowane fil, a bakinsa biyu, wadda ta yi daidai da ta takarda. Van ɗin da ke fili shi ma a rubuta masa tasa da fenti.
- Makunnin hannu da ke ta da famfo ko da ƙwaƙwalwa da tafinta sun mutu.
- Lambar sirri a hannun ƙungiya, a kuma canza wadda kamfani ya sa, don irin su 1234 da 0000 kowa ya san su.
- Jerin lambobin salular da aka yarda su ba da umarni, da yadda ake cire wanda ya bar shugabanci.
- Pis da rajistarsa ke hannun ƙungiya, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin sa masa kuɗi.
- Kwafin dokokin da aka zuba wa ƙwaƙwalwa, domin sabuwar ƙwaƙwalwa fanko take zuwa.
- Kayan ajiya: fizibil, rele ɗaya ko biyu, da mai kare tsawa.
- Matasa biyu na garin su tsaya tare da mai haɗawa daga farko har ƙarshe.

Takardar adireshin a yi ta uku: ɗaya a manna a cikin murfin akwati cikin leda, ɗaya a wurin sakatare, ɗaya a hoto a salular mutum biyu ko uku. Duk ranar da aka canza ɓangare ko lamba, a gyara ta a ranar, a sa kwanan wata.

Waɗanda tuni aka haɗa musu akwati ba tare da takarda ba, lokaci bai ƙure ba. Tun yana aiki lafiya, a samo mai sana'ar wuta ya buɗe, ya karanta makunnai da allo, ya bi fil ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Aiki ne na yini guda, kuma gara a yi shi kafin dashe da a yi shi ranar da tattasai ke tsaye da fure yana jiran ruwa. Allah ya ba da damina da rani masu albarka.